Likitata ta tafi hutu, zuciyata ta ce kada in sake komawa

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 33, ina zaune a Aboabo nan Kumasi, ina da rumfar atamfa da mayafai a Kejetia. Ina da aure da yara biyu. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai kaya Bolga da Bawku, sai ya yi kwanaki ba ya gida. In na kira shi bai ɗauka ba sai ƙirjina ya hau bugawa, numfashina ya sarƙe, in yi ta kira har ya fusata ya kashe wayar. Bara abin ya kai ni asibiti cikin dare. Aka auna jini da zuciya aka ce lafiyata ƙalau, ciwon fargaba ne, aka haɗa ni da wata masaniyar halayyar ɗan Adam muna zama muna magana duk mako biyu.

Da farko na ji sauƙi sosai. Ita ce mutum ta farko da na gaya wa cewa ina shekara huɗu auren iyayena ya mutu, aka kai ni riƙo wajen gwaggona aka ce kwana biyu zan yi, ban sake zama da mahaifiyata ba har aka yi min aure. Gwaggo ba ta zalunce ni ba, amma ba ta son kuka. Na shaƙu da likitar nan har nakan ƙirga kwanakin da suka rage mu haɗu. Kwatsam sai ta ɗage zamanmu, bayan nan ta ce za ta tafi hutun wata guda. Na tura mata saƙonni a WhatsApp, ta amsa ɗaya a taƙaice, sauran shiru. Na ce a raina ta gaji da ni. Na shiga intanet na amsa wasu tambayoyi, aka ce ina cikin masu shaƙuwa ta fargaba, kuma na karanta cewa irinmu ba su cika samun sauƙi da wannan magani ba. Yanzu ta dawo, an kira ni an ba ni rana, ban je ba. Maigida ya ce dama asarar kuɗi ce. Surukata ta ce asirin gida nake kai wa baƙuwa. In koma ne, in nemi wata, ko in haƙura haka?

Taki, wata baiwar Allah daga Aboabo.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, domin wanda numfashinsa bai taɓa sarƙewa da tsakar dare ba, ba zai san abin da kike sha ba. Amsata ita ce ki koma wajen matar nan, ko da zama ɗaya ne, kafin ki yanke hukuncin komai. Amma ina so ki koma kina sane da abin da za ki je yi, don haka ki ba ni aron hankalinki.

Ki sake duba wasiƙarki. Tafiya uku kika ba ni labari: mahaifiyar da aka ce miki kwana biyu ne, maigidan da ke kan hanyar Bolga waya tana ƙara ba a ɗauka, da likitar da ta tafi hutu. A duk ukun abu ɗaya jikinki ya gaya miki, wato an tafi, ba za a dawo ba, kuma ke kika jawo. Yarinya 'yar shekara huɗu da manya suka yi wa alkawari ba su cika ba, ba ta da wata hanyar fahimtar abin in ba wannan ba. Abin da ya sa nake da kyakkyawan zato game da ke shi ne tafiya ta ukun ta faru ne a wurin da aka tanada musamman don duba irin wannan ciwo, kuma a wannan karon wadda ta tafi ta dawo, har ta sa an neme ki.

Maganar salon shaƙuwa da kika gani a intanet tana da tushe, ba shaci-faɗi ba ce. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila mai suna John Bowlby shi ya kafa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turai ta cika da yaran da suka rabu da iyayensu, har a 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kansu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a nan Afirka aka fara zura wa maganar ido a cikin gidaje. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda daga 1954 zuwa 1955 tana shiga gidaje 26 a ƙauyukan kusa da Kampala, tana kallon yadda uwa da jariri suke. Abin da ya fara jan hankalinta ma al'ada ce irin tamu, ta kai yaro gidan kaka lokacin yaye don ya manta nono, ko da yake ta tarar al'adar ta fara ja da baya a can. Da ta koma Amurka, a birnin Baltimore, sai ta tsara wani gwaji na kimanin minti 20: uwa ta fita ta bar ɗanta mai shekara ɗaya a ɗaki, jim kaɗan ta dawo. Kukan fitar bai dami masu binciken ba sosai, abin da suka fi zuba wa ido shi ne yadda yaron zai karɓi dawowar. Kusan biyu cikin uku sukan nufi uwar, a rarrashe su, su koma wasansu, su ne masu natsattsiyar shaƙuwa. Wasu sukan kau da kai kamar ba su ga shigowarta ba, alhali da aka auna daga baya an ga zuciyarsu na bugawa da sauri. Wasu kuma sukan maƙale mata suna kuka suna ture ta a lokaci guda, rarrashi ba ya shigarsu, wannan salon ne ake nufi da shaƙuwa ta fargaba. A 1987 wasu masana biyu, Cindy Hazan da Phillip Shaver, suka nuna cewa manya ma suna tafe da irin waɗannan salo cikin soyayya da aure.

Kin fi ni ganin haka a Kejetia. Ɗan maƙwabciyarki a layi yakan rarrafa ya yi nisa da rumfa, ya leƙa nan ya taɓa can, sai ya dawo ya kama zanen uwarsa, ya sake tafiya. Ƙarfin zuciyar da yake yawo da shi daga sanin cewa tana nan yake samunsa. A ƙarshen rayuwarsa Bowlby ya ce aikin farko na mai irin wannan magani shi ne ya zame wa majinyaci wurin da zai riƙa dawowa ya huta, domin ya iya leƙa abubuwan da suka fi ƙarfin ya tuna su shi kaɗai. Saboda haka shaƙuwar da kika yi da likitarki ba abin kunya ba ce. Da ba ki shaƙu da ita ba, da labarin riƙon nan bai fito daga bakinki ba.

Yanzu ki lura da inda kike tsaye. Ta dawo, an kira ki, ba ki je ba. Ban ɗauka don kin daina buƙatarta ba ne. Ina jin rabin zuciyarki na son ruga mata, rabi kuma na cewa bari ita ma ta ji yadda shiru yake, in da gaske ta damu da ni ai za ta sake nemana. Ban faɗi haka don in kunyata ki ba, kusan duk wanda aka taɓa bari ya san wannan fushin. Na faɗa ne don ki gane cewa kina daidai gaɓar da masu binciken can suka fi ba muhimmanci, gaɓar dawowa. Kina shekara huɗu ba a ba ki wannan damar ba, domin ba a dawo ba, kuma a gidan gwaggo ba a kuka. Yau an dawo. Abin da za ki yi da wannan dawowar yana iya fin duk zaman da kuka yi a baya amfani.

Bari mu zo kan abin da kika karanta, domin shi ya karya miki gwiwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye miki ba. Wani masani a Amurka, Kenneth Levy, da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan wannan tambaya. A 2011 suka ga cewa masu yawan fargabar a bar su, in aka haɗa su a jimlace, sakamakonsu yakan ɗan gaza na waɗanda suka shigo da natsuwa. A 2018 suka sake dubawa da bincike 36 da ya shafi majinyata sama da 3,000, suka tarar har yanzu wanda ya shigo da natsattsiyar shaƙuwa yana da ɗan rinjaye. To amma rinjayen ba mai yawa ba ne, kuma lissafin taron jama'a ne. Ba ya gaya wa kowa abin da zai faru da mace ɗaya a Aboabo. Ba abin mamaki ba ne ma, tunda wanda ya saba yarda da mutane tun yana yaro zai fi saurin sakin jiki da likita. Abin da shafin da kika karanta bai gaya miki ba shi ne sauran abin da binciken na 2018 ya gano: salon shaƙuwar kansa yana motsawa a lokacin magani, kuma waɗanda natsuwarsu ta ƙaru su ne suka fi samun sauƙin ciwon da ya kawo su. Sun kuma ga alamar cewa masu irin damuwarki sun fi amfana idan maganin ya mai da hankali kan mu'amala da makusanta. Mutanenmu kan ce hali zanen dutse, amma a wannan fannin an ga mutane da yawa da suka taso cikin rashin tabbas suka zama natsattsu da girmansu, wasu ta hanyar aure na gari, wasu ta aminiya ko malama, wasu ta irin zaman da kike yi.

Tambayoyin intanet kuwa, ki ɗauke su a matsayin abin da zai buɗe hira, kada ki ɗauke su takardar sakamakon asibiti. Kin amsa su ne a makon da ranki ya fi ɓaci. Shaƙuwa ta fargaba ma ba sunan cuta ba ne, hanya ce da zuciya ta koya don kare kanta, kuma mutum ɗaya yana iya zama mai fargaba da mijinsa amma natsattse da ƙawarsa ko 'ya'yansa. Macen da ke riƙe da rumfa a Kejetia, tana ciniki da masu sari, tana bin bashi, tana renon yara biyu maigida ba ya nan, ba za a taƙaita ta da kalma ɗaya ba.

Akwai wani abin da bincike ya fi tabbatarwa fiye da maganar salon shaƙuwa. An tattara bincike kusan 300 da ya shafi majinyata sama da 30,000, aka ga cewa ingancin haɗin kai tsakanin majinyaci da mai yi masa magani yana cikin abubuwan da suka fi nuna yadda sakamako zai kasance, ko wace irin hanya ake bi. Haɗin kan nan ya ƙunshi ku yarda a kan inda aka nufa, ku yarda a kan abin da za a riƙa yi, sannan a samu aminci tsakaninku. Kuma wannan amincin yakan tsage, ba a kanki aka fara ba. Wasu masana a New York, Jeremy Safran da Christopher Muran, sun shafe shekaru suna nazarin irin wannan ɓaraka. Sun ce majinyaci ko dai ya fito fili ya yi faɗa, ko ya janye, ya riƙa cewa lafiya lau, ya fara makara, daga nan a daina ganinsa. Abin da aka gani shi ne inda aka samu ɓaraka aka zauna aka ɗinke, sakamakon yakan fi kyau. Dalilin a bayyane yake a wurina. Mutumin da ya taso da imanin cewa in ya nuna fushi za a kore shi, ba lacca ce za ta cire masa wannan imanin ba, sai ranar da ya nuna fushin ya ga ba a kore shi ba.

Ita likitar fa? Ina so in yi mata adalci kamar yadda nake miki. Hutu haƙƙinta ne, kuma masu wannan aiki ba su da yawa a ƙasar nan, kowace tana ɗauke da mutane fiye da ƙima. Rashin amsa saƙonnin WhatsApp ma galibi ƙa'idar aiki ce. Ana koya musu kada su mai da magani hirar waya, saboda sirri, kuma saboda in ta amsa goma yau ta kasa amsa ɗaya gobe, ciwon da za ki ji ya fi na yanzu. Amma ina ganin akwai inda ya kamata ta fi haka. Majinyaciyar da ta ba ta labarin kwana biyun da ya zama shekaru, bai kamata ta ji maganar hutu a gurguje ba. Ya dace a sanar da ke da wuri, a faɗi ranar dawowa, a yi magana a kan yadda za ki ji, a gaya miki wanda za ki nema in abin ya tashi. In ba ta yi haka ba, kina da damar faɗa mata, kuma ƙwararriya za ta so ta ji.

Ga yadda nake so ki yi. Kafin ranar, ki rubuta abin da ke ranki a takarda, da Hausa in ita ta fi zo miki, domin in da Turanci ko Twi kuke zaman, maganar ƙuruciya takan maƙale a harshen da aka yi ta. Da kin zauna, kada ki bari gaisuwa da lafiya lau su cinye lokacin. Ki ce mata: da kika tafi na ji kamar kin gaji da ni, da ba ki amsa saƙona ba na yi fushi, shi ya sa ban zo ba, kuma har yanzu ina tsoron faɗa miki wannan. In baki ya ƙi buɗuwa, ki miƙa mata takardar. Ki kuma nuna mata abin da kika karanta a intanet ki tambaye ta ra'ayinta. Bayan nan ku yi yarjejeniya a fili: shin ana iya tura mata saƙo tsakanin zama da zama, a kan me, kuma yaushe za ki sa ran amsa. Kwana nawa za ta ba ki kafin ta ɗage zama ko ta yi tafiya. Me kuke son cimma nan da wata uku, misali ki iya jiran awa biyu ba ki sake kiran maigida ba, ko ki kwana ba bugun ƙirji. Ki tambaye ta kuma yadda za a rufe maganin in lokaci ya yi, domin ranar rabuwa tana zuwa, kuma ga mai tarihi irin naki gara a shirya mata a hankali, a riƙa tsawaita tazarar zama, da a yanke rana ɗaya.

Daga yadda ta karɓi maganar za ki san ko wurin zama ne. In ta saurara, ta tambaye ki ƙarin bayani, ta amsa nata kason ko da ba ta canza ƙa'idarta ta waya ba, to ki riƙe ta. In kuwa ta yi miki tsawa, ta ce kin cika naci, ko ta share maganar ta wuce, ki sake gwadawa sau ɗaya, in haka ta maimaita sai ki nemi a mai da ke wajen wani. Canza likita ba laifi ba ne. Abin da nake guje miki shi ne ki canza a ɓoye, domin sabuwar ma wata rana za ta yi tafiya ko ta yi rashin lafiya, ki sake tsintar kanki a nan, kuma kin sake ba da labarinki daga farko. In har canjin ya zama dole, Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma asibitocin gwamnati da yawa suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni. Duk wanda za ki je wajensa a matsayin masanin halayya, kina da damar tambayar ko yana da rajista da majalisar da ke ba su lasisi a Ghana, wadda dokar 2013 ta kafa. In kuɗi ne matsalar, ki faɗa a fili, a rage yawan zaman a ba ki aikin da za ki riƙa yi a gida. Akwai dabarun da aka gwada aka tabbatar suna maganin tashin fargaba irin naki, na koyon yadda za ki zauna da bugun ƙirjin har ya sauka ba tare da kin gudu ko kin kira kowa ba, ki tambaye ta ta koya miki su tare da maganar ƙuruciyar. In kuma likita ya ga kina buƙatar ƙwaya na wani lokaci, wannan ba faɗuwa ba ce.

Sai maigida. Na san maganar asarar kuɗi ta yi miki zafi, amma ki dubi inda yake zaune. Mutum ne riƙe da sitiyarin mota mai lodi a hanyar Techiman zuwa Kintampo zuwa Tamale, wani wurin ba sabis, wani wurin shinge ne, kuma ɗaukar waya yana tuƙi na iya jawo abin da kike tsoro ɗin. Yana tsayawa sai ya ga kira rututu, gabansa ya faɗi ya zaci wani abu ya sami yara, ya kira ya tarar tuhuma ce. Sai ya kashe wayar don ya samu sarari, kashewar kuma ta tabbatar miki da tsoronki, ki ƙara kira gobe. Kowannenku yana ganin martani kawai yake mayarwa. Ina roƙonki kada ki je ki ce masa kin gano shi ma irin masu gudun shaƙuwa ne. Ba mu san haka ba, kuma ba namijin da zai ji daɗin a liƙa masa suna daga waya. Ki zaɓi ranar da yake gida, ya ci ya huta, ki ce masa ba zarginsa kike ba, tsoro ne ke kama ki tun kina yarinya kuma kina neman maganinsa. Ki roƙe shi abu ƙarami da zai iya cikawa: saƙo ko kira in ya tsaya sallar azahar, da wani in ya sauka inda zai kwana. Ke kuma ki yi masa alkawarin tsakanin waɗannan lokutan ba za ki kira ba sai da dalili na gaske. In lokacin ya wuce bai kira ba, kira ɗaya da saƙo ɗaya, sai ki ajiye wayar a wani ɗaki, ki yi alwala, ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, ki ba kanki minti 20. Tashin fargaba yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin mintuna kaɗan sannan ya fara sauka, ko an ɗauki waya ko ba a ɗauka ba. Ranar da ya ga kiran ya ragu, da kansa zai daina kiran maganin asara. In likitar ta yarda, ki gayyace shi zama ɗaya ya ji daga bakinta.

Surukarki kuma tsoron abin kunya take, kuma a zango inda magana ba ta kwana, tsoronta ba na banza ba ne. Kada ki yi jayayya da ita. Ki ce Mama, asibiti ne suka tura ni saboda bugun ƙirjin nan, kuma doka ta hana su fitar da maganar majinyaci. Gaskiya kika faɗa, domin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta 2012 ta tanadi haƙƙin sirri. Don natsuwar zuciyarki ke kuma, ki tuna Hindu bint Utba ta je wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗi halin mijinta Abu Sufyan na riƙe hannu, ya ba ta mafita bai ce ta yi giba ba. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa faɗin damuwa ga wanda zai taimaka halal ne. Ki ci gaba da addu'arki da azkar, neman magani ba ya kore su.

Game da riƙo, ba na so ki fita daga wannan maganar kina ganin al'adarmu ce ta lalata ki, ko gwaggo ce mai laifi. Mutane da yawa a zangunan Kumasi a hannun kaka ko gwaggo ko inna suka tashi, kuma suka tashi da natsuwarsu. A shekarun 1970 wasu masu bincike sun duba jarirai a gidajen Hausawa a Najeriya, suka ga jariri yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, ko da yake akwai wadda ya fi nufa in ya tsorata. Yawan hannu ba ya cutar da yaro. Abin da ya yi miki rauni, a ganina, shi ne an raba ki da uwa farat ɗaya a tsakiyar rikici, an gaya miki abin da ba haka ba ne, sannan ba a bar ki kin yi kukan rashin ba. Wataƙila gwaggo ta hana kukan ne don ita ma haka aka yi mata, ko tana ganin hakan ne zai sa ki saba. Mahaifiyarki ma ba lallai da son ranta aka ɗauke ki ba, kin san yadda 'ya'ya ke komawa dangin uba in aure ya mutu. In tana raye, wata rana za ki so ki ji labarin daga bakinta, amma kada ki yi gaggawar wannan yanzu, ki bari sai kin tattauna da likitarki yadda za ki tunkare ta. Abin da ke hannunki tun yau shi ne 'ya'yanki. In za ki fita kasuwa ko za ki yi tafiya, kada ki sulale, kada ki ce yanzu zan dawo alhali sai dare. Ki gaya musu gaskiyar lokacin da za ki dawo, ki bar su su yi kukansu, ki dawo a lokacin da kika faɗa.

Kada kuma ki ɗora duk nauyin zuciyarki a kan maigida da likita kaɗai. Ki nemi mace ɗaya ko biyu da kika amince da su, 'yar'uwa, ko abokiyar adashi, ko wata a Islamiyya, wadda za ki iya kira a daren da maigida ke hanya ki ce yau abin ya motsa, taya ni hira. Ba sai kin ba ta tarihinki duka ba. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, damuwar ta kai ki ga tunanin cutar da kanki, ko kika yi kwanaki ba barci ba abinci, kada ki jira ranar zama, ki sa wani ya raka ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko ki kira 112.

Na san abin da zai riƙe ki yanzu shi ne kunyar cewa an ba ki rana ba ki je ba. Masu wannan aiki sun saba da haka, musamman bayan hutu, kuma ba sai kin yi dogon bayani a waya ba. Gobe da safe kafin ki buɗe rumfa ki kira inda ake ba da rana, ki ce kina son a sake sa ki a layi wajen likitarki, ki karɓi rana mafi kusa da aka ba ki. Allah Ya ba ki lafiya ƙanwata, Ya dawo da maigida gida lafiya a kowace tafiya.